Mabuɗin Malam Gazali

A Fakku, in ka yi wa Malam Gazali sallama, kafin ya gama amsawa ya riga ya fara tunanin abin da ya kawo ka. In ka ba shi goro sai ya juya shi ya duba ko an huda. In ka yaba gonarsa, ranar sai ya zagaya iyakarta sau biyu. Shi ya sa tun gemunsa yana baƙi aka laƙaba masa Wa-ya-aiko-ka, yanzu gemun ya yi fari fat amma sunan bai sake shi ba. Ba mugu ba ne, wannan kam kowa ya shaida, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shi dai an halicce shi da zargi ne kamar yadda ake halittar wani da tsawo. Liman ya sha gaya masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, shi kuwa sai ya koma gida yana tambayar kansa wa ya kai ƙararsa wurin liman.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana malamin gona, da farko a kan keke, daga baya a kan mashin, yana zagaya ƙauyukan Kebbe yana koya wa mutanen da suka fi shi iya noma yadda ake noma. Bai fita aikin da mota ba, bai fita da gidan bulo ba. Abin da ya tara shi ne labarin ruwan sama. A tsakar gidansa akwai ma'aunin ruwa a kan wani gungume, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk ranar da aka yi ruwa, ko yayyafi ne, sai ya auna ya rubuta kwanan wata da zurfin abin da ya sauka. Tun shekarar 1994 yake wannan. Saboda haka ya san shekarun da ruwan farko ya yi gaskiya, ya san waɗanda ya yaudari mutane suka zuba iri sannan sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone. Da zarar ruwan farko ya sauka, magidanta sai su taru a zaurensa da tambaya guda, a shuka ko a jira. Shi kuma sai ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya rufo ƙofa, ya duba, ya fito ya ce Allah ne masani, amma a shekara kaza da shekara kaza ga yadda aka yi. Wannan zama na zaure shi ne duk girman da yake da shi a garin, kuma yana son abinsa ƙwarai.

Wasu ma'aikatan wani shirin noma ne suka ga tulin littattafansa suka riƙe baki, da za su tashi suka bar masa kwamfutar cinya, baƙa, mai kauri, mai nauyi. Rani biyu ya yi yana kwashe littattafan yana zubawa a cikinta da yatsa ɗaya. Daga nan ya zama da damina yana rubutawa a littafi, da rani ya juye. Gara ta cinye tsofaffin littattafan daga baya, sai ya zama duk abin da ya tara yana cikin wannan baƙin akwati, wanda yake yi wa caji da 'yar solar da ke kan rufin ɗakinsa.

Ranar da aka ba shi ita, matar da ta koya masa ta ce sai ya sa mata mabuɗi, wato kalmar sirri da za a buga kafin ta buɗe. Ta ce ya zaɓi kalmar da ba zai manta ba, wadda kuma ba wanda zai taɓa jin ta a bakinsa. Malam Gazali bai yi dogon tunani ba. Kalma ɗaya ce a duniya ta cika sharuɗɗan nan biyu, sunan ɗansa na fari, Sirajo. A gidajen irin nasu uba ba ya kama sunan ɗan fari, uwa ma haka, kunya ce da aka gada. Tun ranar suna Malam Gazali bai taɓa furta shi ba. In yana kusa ya ce kai, in yana nesa ya ce wancan. Matarsa Bara'atu kuwa na Tambuwal take ce masa, tun da ya koma can. To wa zai yi zaton sunan da mutum bai taɓa faɗa ba shi yake bugawa kullum da yatsansa? Malam ya ji daɗin wayonsa, har ya yi dariya shi kaɗai.

Komawar Sirajo Tambuwal kuwa ba ta daɗi ba ce. Shekara shida ke nan littafin damina ya ɓata kafin a juye shi. Malam ya birkita gida, ya rasa, sai zarginsa ya sauka kan ɗansa, wai ya ɗauka ya kai wa wani mutumin Sanyinna da shi ma yake taɓa ba manoma shawara. Da ma a ɗaki ya faɗa da sauƙi. A ƙofar masallaci ya faɗa, bayan la'asar, gaban jama'a, ya kira magidanci mai 'ya'ya uku ɓarawo. Sirajo ya juya ya koma gida. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya buɗe shagon buga takardu da hoto a Tambuwal. Bayan kaka Bara'atu ta tsinci littafin a bayan rumbu, gara ta mayar da shi gari. Malam ya karɓa, ya juya, ya ce to wa ya kai shi can. Haƙuri dai bai bayar ba. Sirajo yana zuwa gaisuwar salla, ya durƙusa, ya tashi, ya koma a ranar. Amma ya gaya wa uwarsa, ita kuma ta isar, cewa sau ɗaya ya haɗiye kalmar nan, in aka sake ba zai ƙara taka zauren ba.

A bana ruwan farko ya zo da wuri, farkon watan Mayu, ya kuma zo da ƙarfi. Da safe zaure ya cika. Malam ya shiga ɗaki, ya rufo ƙofa, ya danna maɓallin kunnawa. 'Yar fitila ta kama, iska ta fara huci ta gefe yadda ta saba, amma fuskar kwamfutar baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna. Ya danna maɓallai ɗaya ɗaya, ya haɗa biyu biyu, ya haɗa uku uku, har da waɗanda bai taɓa sanin amfaninsu ba. Ko ɗigon haske. Tsoro na gaske ya kama shi, don ya san ba shi da wani wurin da zai duba. Ya fito ya ce wa mutane su ba shi kwana biyu.

Ya zargi Bara'atu da goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya zargi wanda ya kafa masa sola, ya zargi idon wani maƙwabci da ya taɓa leƙowa ta taga. Bara'atu ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya kai wa na Tambuwal. Ya ce akwai masu gyara a Kebbe. Ta ce to ya kai musu. Ya ce duk ɓarayi ne, za su zare abin cikinta su sa masa na banza. Ta ce to ya kai Sakkwato. Ya ce can ne ma uwar ɓarayin. Da ya gama zagaye duniya bai samu amintacce ba, sai ya dawo kan wanda ya taɓa kira ɓarawo, don ko ba komai wannan ya san gidansu.

Tana miƙa masa jakar ta ce, "Malam, ka tafi da kwamfuta, ka bar bakinka gida. Ɗa guda anka ce ma shi ɗan fari, ba a sake wani."

Mashin ya kai shi bakin hanya, mota ta kai shi Tambuwal, jakar tana kan cinyarsa, hannuwansa biyu a kanta. Da hantsi ya isa shagon, ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, da injin hoton takardu, da tebur biyu, janareta yana kuka a waje. Sirajo ya taso da sauri ya durƙusa, suka gaisa gaisuwar da ba ta da aibi kuma ba ta da ɗumi. Ya kawo ruwa, ya ba uban kujerarsa. Malam ya ciro kwamfutar ya ajiye, amma bai ɗauke hannu daga kanta ba sai da aka roƙe shi.

Sirajo ya kunna, ya kara kunne, ya haska fuskar da fitilar waya ya duba. Ya ce kwamfutar da ranta, fuskar ce kawai ta mutu, duk abin da ke ciki yana nan. Abin yi shi ne a ara mata wata fuskar, a jona ta da monita, irin allon nan na kan tebur mai kama da talabijin, sai a ga komai a can. Malam ya ce ina abin zai bi ya tafi can. Ya ce ta waya. Malam ya ce in zai iya bin waya ya tafi, ai zai iya ƙin dawowa. Sirajo ya ce hoto ne kawai yake tafiya. Malam bai yarda ba, amma ya bari.

Sai aka tarar baki bai zo ɗaya ba. Tsohuwar kwamfutar tana da shuɗin gurbi a gefe, mai ƙananan ramuka jeri uku, monitar shagon kuwa sabuwa ce, gurbinta siriri ne. Sirajo ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani ɗan akwati mai wutsiya biyu, ya ce adafta ce, ita za ta haɗa tsoho da sabo. Da ya jona sai wata 'yar jar fitila ta kama a jikinta. Malam ya kai hannu ya cire. Ya ce abin da yake da fitilar kansa yana da cikin kansa, kuma ba a san me yake haɗiya ba. Sirajo ya yi numfashi, ya shiga bayan labule, ya fito rungume da wata tsohuwar monita duk ƙura, mai shuɗin gurbi irin na kwamfutar. Ya goge ta, ya kawo waya mai kauri mai shuɗin kai biyu.

Malam ya ce a ba shi ya gani. Ya sa tabarau ya ƙirga ramukan gurbin, goma sha biyar. Ya ƙirga alluran da ke cikin kan wayar, goma sha huɗu.

"Sha fuɗu nika gani. Ina gudan?"

Sirajo ya ce haka ake ƙera su, wannan ramin ba ya aiki. Don a zauna lafiya ya nemo wata wayar, Malam ya ƙirga, ita ma sha huɗu. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai ya ce ashe duka biyun an taɓa su. Hali zanen dutse. Amma rana tana yi, mutanen Fakku suna jira, dole ya bari aka cusa kan wayar, aka murɗa ƙusoshinta biyu na gefe har suka kama.

Monitar ta kawo haske, sai dai ba komai a kai sai ɗan rubutu yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Sirajo ya ce kwamfutar ba ta san an ara mata fuska ba sai an gaya mata. Ya danne wani maɓalli na ƙasa da babban yatsa, ya taɓa wani na sama. Allon ya yi ƙifta sau biyu, sai ga hoton da Malam ya saba gani, ga ɗan farin gurbin da ake buga mabuɗi, ya yi girma ninki biyu. Daɗi ya kama tsohon har ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Sannan ya tuna abin da zai buga, da kuma wanda yake tsaye a kansa. Ya ce ya juya baya. Sirajo ya juya ya fuskanci ƙofa.

Malam ya rufe hannunsa da hannun riga ya buga harafi shida. Ɗigo shida suka fito. Kwamfuta ta ce ba shi ba ne. Ya sake, a hankali, yana duba kowane harafi. Ta ƙi. Ya sake na uku. Ta ƙi.

Nan fa tsohon ciwo ya motsa. Shekara goma sha uku yana buga kalmar nan, ko cikin barci aka tashe shi ba zai kuskure ba. In ta ƙi, to an canza ta. Wa ya canza? Hannu ɗaya ne ya taɓa maɓallan nan bayan nasa, yanzun nan, a gabansa, yatsu biyu a lokaci guda. Ga adafta mai jar fitila da aka yi saurin jonawa. Ga allura guda da ba a san inda take ba. Komai ya jeru masa daidai, yadda ya jeru masa shekara shida da suka wuce. Kalmar ɓarawo ta taso ta zauna a kan harshensa, gargaɗin Bara'atu ya danne ta, abin da ya kuɓuce ya fito bai fi ta kyau da yawa ba.

"Mi kad danna ɗazu? Wa yas sa ka? Mabuɗina ba shi ƙin buɗewa sai in an taɓa shi."

Sirajo ya juyo. Bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya fara warware ƙusar farko ta shuɗin kan wayar.

"Baba, in abin da kaka nufi ke nan, kada ka ƙarasa. Bari in naɗe maka abinka, in raka ka tasha."

Da ya sunkuya ne Malam ya ga furfura a tsakar kansa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wancan ɗin da yake ce wa kai, kai, ashe har ya fara tsufa, kuma shekara shida na tsufan a wani gari ya yi su. Sai tsoro ya kama Malam, wanda ya fi na jiya, don ya gane in ƙusa ta biyu ta warware, zai koma Fakku ba labarin ruwa, ba ɗa. Ya dafa wayar da tafin hannu. Ya tambaya, murya ƙasa ƙasa, ko akwai wata dabara.

Sirajo ya saki ƙusar. Sannan ya nuna wata 'yar alama mai kama da ido a gefen gurbin mabuɗin. Ya ce in aka danne ta, ɗigon nan za su koma haruffa, a ga abin da kwamfutar take karɓa. Amma fa a kan wannan babban allo zai fito, kuma sai shi ya duba kafin ya san inda matsalar take.

Malam ya kalli allon, ya kalli ƙofar da take buɗe ga titi. Kunya ta rufe shi tun kafin a yi komai. Ya gwammace a ga tsiraicin aljihunsa da a ga wannan kalma. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Rufe ƙofa," in ji shi.

Aka rufe, aka mayar da ƙusar. Ya buga harafi shida. Sirajo ya danne idon. Abin da ya fito ɓaro ɓaro shi ne S5ra16.

Malam ya ji sanyi har ƙafa, asirinsa bai tonu ba, ga kuma hujja ta faɗo masa a hannu. Ya buɗe baki zai ce ka gani, an canza. Sai ya lura ɗan ba allon yake kallo ba, maɓallan yake kallo. A jikin wasu haruffa na ɓangaren dama akwai ƙananan lambobi shuɗaye da suka kusa gogewa, Malam bai taɓa kula da su ba. Yatsan Sirajo ya tsaya kan mai lamba biyar, harafin i ne. Ya sauko kan mai lamba ɗaya, j. Ya hau kan mai lamba shida, o. A nan yatsan ya tsaya, bai ƙara motsi ba. Janareta yana ta kukansa a waje. Malam ya san an karanta.

Sirajo ya ɗauke yatsansa daga maɓallin. Ya ce ba wanda ya canza komai. Tsofaffin kwamfutoci irin wannan suna da maɓallin da in an haɗa shi da wani, haruffan dama sai su koma lambobi, wataƙila an danne shi a gida lokacin da fuskar ta mutu. Malam ya tuna yadda ya yi ta haɗa maɓallai biyu biyu, uku uku, a bayan rufaffiyar ƙofa, shi kaɗai, ba kowa. Ya nemi wanda zai ɗora wa ya rasa. Sirajo ya danna ya mayar da haruffan, ya ce Baba ya sake bugawa, sannan ya juya ya fuskanci ƙofa kamar bai ga komai ba. Wannan juyawar ta fi komai taɓa tsohon.

Ta buɗe. Shekaru suka bazu a kan monita layi layi, manya, ko tabarau ba ya buƙata. Ya ce wa ɗan ya jawo kujera. Ba a taɓa duba abin nan da mutum biyu ba. Suka bi shekarun da ruwan farko ya zo farkon Mayu da ƙarfi haka, suka sami biyar, a huɗu daga ciki sama ta ɗauke fiye da kwana ashirin. Malam ya ce to zai ce musu su jira na biyu, mai gaggawa ya shuka rabi. Suna gangarowa suka iso shekarar da ba komai a layinta, fari fat daga farko har ƙarshe. Dukansu suka gan ta. Malam ya yi gyaran murya ya ce littafin nan, gara ce. Sirajo ya ce Inna ta gaya masa. Iyakar abin da aka ce ke nan.

Saura maganar komawa. Monita ba za ta tafi Fakku ba, 'yar solarsa ba za ta ɗauke ta ba. Sai an aika Sakkwato a nemo fuska irin ta wannan tsohuwa, kwana goma ko fiye, kuma dole kwamfutar ta zauna a shago a gwada. Malam ya ce a warware masa abinsa. Ya sa ta a jaka, ya ja zif, ya ɗora a cinya, ya zauna yana kallon ƙasa. Kwana goma a hannun wani, wanda kuma ya san mabuɗi. Duk jikinsa yana ce masa a'a. Can ya buɗe jakar ya ciro ta ya ajiye a kan tebur. Sirajo ya ce in yana so a canza mabuɗin yanzu, ya sa wanda shi kaɗai ya sani.

"Bar shi yadda shike," in ji Malam.

Sirajo ya raka shi tasha, ya tsaya har uban ya sami kujerar gaba, wadda sai da Malam ya yi gardama da wani ɗan kasuwa kafin ya same ta. Suka yi sallama, ya juya ya nufi shago. Saura mutum ɗaya mota ta cika, Malam ya sa hannu a jaka ya ji wayar caji, ya manta bai bar ta ba. Ya leƙa ta taga, ga ɗan can ya kusa fita tasha. Ya ce kai, da ƙarfi. Mutum goma suka waiwayo, ban da wanda ake kira. Sunan ya zo masa har bakin haƙora, harafi shida, ya san da ya faɗa sau ɗaya zai juyo. Bakin ya ƙi.

Ya buɗe ƙofa ya sauka. Direba ya ce Baba za mu tashi fa, ɗan kasuwan nan kuwa har ya fara matsowa gaba. Malam ya ce su tafi, akwai wata motar. Ya naɗe wayar a hannu, ya bi bayan ɗansa da ƙafa.